Kilomita Nawa Tashar FM Take Ci Daga Damagaram?

Duk mai niyyar kafa gidan rediyo a jihar Damagaram, ko ƙungiyar manoma ce take son ƙaramar tasha a karkara, ko ɗan kasuwa ne yake son tasa a cikin gari, tambayarsa ta farko ɗaya ce: idan na sayi na'urar watsawa mai wat kaza, kilomita nawa za ta ci? Masu sayar da kayan ba sa rasa amsa, domin a takardun tallarsu akan rubuta cewa mai wat 300 tana kai nan, mai wat 1,000 tana kai can, kamar tun daga masana'anta aka ɗura nisan a cikin akwatin. Mu da muke hawan hasumiya muna ɗaura eriya mun san cewa tambayar ba ta da amsa guda, sai an faɗi inda za a kafa tashar, da tsawon da eriyar za ta yi, da kuma abin da aka fi mantawa, wato mutumin da ake so ya ji ta da irin rediyon da ke hannunsa. Manhajojin kwamfuta masu zana taswirar inda sigina take isa suna taimakawa ƙwarai, kuma fitattu daga cikinsu kyauta ne, amma tambayar da aka shigar musu kawai suke amsawa, ko da ba ita ce ke zuciyar mai kuɗin ba.

Igiyoyin FM, waɗanda ke tsakanin megahaz 87.5 da 108, ba sa bin doron ƙasa su yi nisa yadda na matsakaicin zango suke yi, kuma a al'ada ba sa zuwa sama su dawo kamar na gajeren zango da iyayenmu suka saba kama tashoshin ƙasashen waje da su. Kusan a miƙe suke tafiya, ita kuwa duniya dunƙulalliya ce, saboda haka akwai inda ƙasa take sunkuyawa igiyoyin su wuce ta bisa kan mutane. Iska tana ɗan lanƙwaso su zuwa ƙasa, shi ya sa injiniyoyi suke lissafi kamar duniyar ta fi girmanta da kashi ɗaya cikin uku, wato maimakon kilomita 6,371 daga cibiyarta zuwa doronta sai a ɗauka kimanin 8,500 ne. Daga nan aka fitar da wata ƙa'ida da ba ta buƙatar kwamfuta: a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon eriyar a mita, sannan a ninka ta da 4.12, abin da ya fito shi ne iyakar hangen eriyar a kilomita. Eriyar da ke mita 25 daga ƙasa tana hangen kusan kilomita 21, ta mita 50 tana hangen 29, ta mita 100 kuma 41. Mai sauraro ma yana da ɗan nasa hangen da ake ƙarawa, kimanin kilomita 5 idan rediyonsa yana mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Sigina tana ɗan zarce wannan iyaka, sai dai daga nan take raunana da sauri. Idan aka tuna cewa Mirya tana kusan kilomita 20 daga Damagaram, Takeita kimanin 50, Magarya kuma kimanin 90, za a ga tun kafin a kunna kwamfuta waɗanne garuruwa ne ke cikin lissafi, waɗanne ne kuma sai da wata dabara.

Ko a cikin wannan iyaka wat ba ya yin abin da ake zato. A sararin da babu komai, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sigina yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Amma kusa da ƙasa akwai igiyar da ke bugun ƙasa ta taso ta gamu da wadda ta zo a miƙe, su kusan kashe juna, shi ya sa a shimfiɗaɗɗen fili ƙarfin yake komawa kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida. Sakamakon haka, wanda ya ninka wat ɗinsa bai ƙara nisa da ya wuce kashi 19 cikin ɗari ba, alhali wanda ya ninka tsawon hasumiyarsa ya ƙara kimanin kashi 41, daidai da wanda ya ninka wat sau huɗu. Duk wanda ya taɓa haska tocila da dare ya san sabon batir yana ƙara mata haske, amma ba ya sa ta haska bayan katanga sai an ɗaga hannu. Ga shi kuma ƙarfen hasumiya sau ɗaya ake biyansa, wat kuwa kullum yake cin wuta, kuma yana ƙara zafin da na'urar za ta yi fama da shi a watannin Afrilu da Mayu da ma'aunin zafi yake haura digiri 40. Tun daga tashar Bankilare, wadda ta buɗe babin gidajen rediyon karkara a Nijar a 1999 da wutar hasken rana, ƙarancin wuta ne yake yanke wa ƙananan tashoshi hukunci, don haka a ganina hasumiya ce ta fi cancantar kuɗin farko.

Lambar da manhaja take buƙata ma ba wadda aka rubuta a gaban na'urar ba ce, tana son ƙarfin da ya fita daga eriya bayan an cire asarar kebul an kuma ƙara ribar eriyar. Ana wannan lissafi da desibel, inda desibel 3 yake nufin ninki biyu ko rabi. Kebul mai kyau mai kaurin rabin inci yana cinye desibel 2 da ɗan abu a kowace mita 100 a zangon FM, amma RG-213, wanda ake yawan saye saboda araha, yana cinye kusan 7, ta yadda a hasumiya mai mita 50 fiye da rabin ƙarfin yake ƙarewa a hanya kafin ya kai sama. Eriya mai jerin rassa huɗu tana ba da ribar kimanin desibel 6, saboda tana tattara abin da zai tafi sama a banza ta mayar da shi gefe. Idan na'ura mai wat 300 ta yi asarar desibel ɗaya da rabi a kebul da mahaɗai, ta kuma samu 6 a eriya, abin da za a rubuta wa manhaja kimanin wat 850 ne. A kuma duba ko ribar eriyar an rubuta ta da dBi ne ko da dBd, wato ma'aunai biyu na ribar eriya, domin tsakaninsu akwai desibel 2.15.

Mafi yawan manhajojin da ke hannun mutane suna dogara ne da tsarin lissafi guda, wanda Anita Longley da Phil Rice suka wallafa a 1968 a cibiyar binciken sadarwa ta gwamnatin Amurka da ke Boulder, jihar Kolorado. An tsara shi don igiyoyin da ke tsakanin megahaz 20 da gigahaz 20, da nisan kilomita 1 zuwa 2,000. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki tudu da kwarin da ke tsakanin eriya da wani wuri, ya ƙiyasta asarar da sigina za ta yi, ko tana hangen wurin kai tsaye, ko tana lanƙwasawa ta bayan tudu, ko kuma warwatsuwa take yi a sama idan nisan ya yi yawa. Manhajar tana maimaita wannan a dubban wurare ta kowace kusurwa, sannan ta shafa launi a taswira. Radio Mobile, wadda Roger Coudé na ƙasar Kanada ya rubuta, ita ce ta fi sauƙin shiga ga mai amfani da Windows. SPLAT!, ta John Magliacane, a kan Linux take aiki, kuma da rubutaccen umarni ake sarrafa ta. Akwai irin su CloudRF da ake biya a yi aikin a intanet, amma ga wanda layinsa yake zuwa yana ɗaukewa na fi son wadda za a sauke sau ɗaya a ci gaba da aiki ko babu layi.

Bayanan tudu da kwarin kuwa, galibi daga aikin da kumbon Endeavour ya yi ne a watan Fabrairu na 2000, lokacin da ya kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa da na'urar rada, aikin da aka sani da SRTM. Da farko ma'aunin da aka saki don Afirka ɗigo ɗaya ne a kowace mita 90, sai a 2014 aka fara sakin mai ɗigo a kowace mita 30. An yanka bayanan murabba'i-murabba'i, kowane ɗaya digiri guda a tsaye da kwance, kuma Damagaram ta faɗo a wurin da ke buƙatar lura, domin garin yana kusan kan layin digiri 9 na gabas, a digiri 13.8 na arewa. Wato dole a sauke fayilolin murabba'i biyu, N13E008 da N13E009, tare, kuma tun da layin digiri 14 bai fi ƴan kilomita ashirin da wani abu daga gari ba, sai an haɗa da biyun da ke bisansu kafin hanyar Tanut ta fito. Fayil mai mita 90 bai kai megabayit 3 ba, mai mita 30 kuwa yana kai kimanin 25. Mai amfani da SPLAT! ya kiyaye abubuwa uku: idan ba ta ga fayil ba sai ta ɗauki wurin a matsayin doron teku alhali garinmu yana sama da mita 400, idan ba a rubuta cewa tsawon eriya da mita ne ba sai ta ɗauke shi da ƙafa, sannan tana ƙirga digirin gabas da yamma ne zuwa yamma, ta yadda wanda ya rubuta 9 ba tare da alamar ragi ba ya kafa tasharsa a ƙasar Mali, arewa maso yammacin Bamako.

Wani akwati a saitin manhaja da mutane suke tsallakewa shi ne na yanayi. Tsarin Longley da Rice ya kasa yanayin duniya gida bakwai, kuma abin sha'awa, huɗu daga ciki da Afirka ake misalta su: Kwango, Sudan, gaɓar tekun Afirka ta Yamma, da Sahara. Manhajoji kan zo a saite kan yanayin ƙasashe masu matsakaicin sanyi, da lambar lanƙwasar iska 301, alhali wadda aka ba da shawara ga hamada 280 ce, ta yanayin Sudan kuma 320. Damagaram, da ruwanta na shekara yake kewayen milimita 400, ba ta zauna daram a ɗaya daga cikin biyun ba, domin da hunturu iskarmu ta hamada ce, da damina kuma ta kudu ce mai laima. Abin da nake yi shi ne in zana taswirar sau biyu, in ɗauki wadda ta fi tsuke a matsayin abin da zan yi wa mutane alkawari. A kusa da tasha bambancin ba shi da yawa, sai an wuce iyakar hange yake bayyana. Akwatin irin ƙasa, yashi ce ko laka, ba ya sauya lissafin FM sosai, ba kamar na matsakaicin zango ba.

Inda taswirori suka fi yaudarar mutane shi ne wajen mai sauraro. Wani dattijo, shugaban kwamitin da ke shirin kafa tasha, ya taɓa kawo mini taswirar da aka buga masa a takarda mai sheƙi, launin kore ya malale tun daga Magarya har kusa da Tanut, ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Malam, ai ka ga ko'ina mun kai." Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, bari mu ga wane ne aka ce yana sauraro." Da muka buɗe saitin sai muka tarar an bar mai karɓa a matsayin na'urar masu sha'awar sadarwar rediyo, irin wadda ke kama siginar da ba ta kai mikrobolt ɗaya ba, da eriyarta a bisa dogon ƙarfe. Na mayar da shi rediyon hannu a tsayin ƙirjin mutum, na danna, muna kallo koren yana ja da baya daga kowane gefe har ya tsaya bai yi nisa da Mirya ba. Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambayi kuɗin ƙarin ƙarfen hasumiya.

Akwai ma'auni tsayayye a kan wannan. Shawarar hukumar sadarwa ta duniya ITU mai lamba BS.412 ta ce ƙarfin siginar da ake buƙata don jin FM da kyau, a ma'aunin desibel bisa mikrobolt ɗaya a kowace mita, shi ne 48 a karkara, 60 a gari, 70 a manyan birane, idan kuma sitiriyo ne ya zama 54 da 66 da 74. Sai dai duk waɗannan lambobi a tsayin mita 10 daga ƙasa ake auna su, wato an ɗauka mai sauraro yana da eriya a kan bene. Namu mai sauraron yana zaune ne a kan tabarma a gindin bedi, wayar salula a aljihun gaba, igiyar kunne tana lilo a ƙirjinsa, kuma ita wannan igiyar ce eriyarsa. Idan ya miƙe ta ya dace, domin tsawon da eriya take so, wato rubu'in tsawon igiyar siginar FM, kimanin santimita 75 ne, idan kuwa ya naɗe ta a yatsa ko ya shiga ɗaki mai rufin kwano, tashar ta dusashe. Saukowa daga mita 10 zuwa mita ɗaya da rabi kaɗai tana cin desibel 13 zuwa 16, abin da ke rage nisan da fiye da rabi. A misalinmu na wat 850 da hasumiyar mita 50, lissafin hannu a shimfiɗaɗɗen fili yana ba da kimanin 60 a nisan kilomita 20 ga mai eriyar mita 10, amma kimanin 44 ga mai rediyo a hannu, kuma 44 ta gaza 48. Ba a ma sa ƙarar da ƙananan ƙwayayen lantarki masu araha da cajar waya da na'urorin juya wutar sola suke zubawa a zangon ba. A ɗaya ɓangaren, ita dai wannan shawara ta yarda cewa inda babu irin wannan ƙara, 34 ma tana isa ga mai eriya a waje, kuma wannan ne ya sa a wasu ƙauyuka za ka ga an ɗaura siririyar waya a kan doguwar gora an kafa ta a jikin rumbu, ana jin tashar da maƙwabci mai rediyo a hannu yake rantsuwa ba ta zuwa garin.

Haka kuma launin taswira ba ya nufin tabbas. Tsarin yana tambayar kashi nawa na lokaci da kashi nawa na wurare ake so siginar ta kai ma'aunin, kuma idan aka bar su a 50 da 50, ma'anar bakin launin ita ce rabin mutanen da ke wurin ba sa samun ta yadda ya kamata. Ga tashar da za ta riƙa sanar da ranar rigakafi ko farashin gero da wake, ni 90 nake sakawa, ko da taswirar ba za ta burge wanda zai ba da tallafi ba.

Ƙasar Damagaram tana da nata halin da kumbo bai gani duka ba. Duwatsun da suka yi tsiri-tsiri a Birni da kewayen gari, da yawansu ba su kai faɗin ɗigo ɗaya na mita 90 ba, sai lissafi ya baje su ya mayar da su ɗan tudu, alhali gidan da ke bayan dutsen yana cikin inuwar sigina ta gaske. Ƙauyukan da ke kwarin Korama a kudu, inda ake lambu da noman rake, sun zauna ƙasa da filin da ke kewaye da su, ga kuma itatuwa masu duhu da manhajar ba ta san da su ba sai an ƙara mata da hannu. Saboda haka ban tsaya ga taswira mai launi ba, nakan buɗe hoton yankan ƙasa tsakanin hasumiya da kowane garin da ake so, in duba inda layin yake gogar tudu. Ko layin ya wuce bai taɓa komai ba, ba a gama ba, domin sigina tana buƙatar sarari a kewayen layin, wanda ake kira yankin Fresnel, kuma a tsakiyar hanya mai kilomita 30 faɗinsa daga layin zuwa gefe yana kai mita 150 a zangon FM. Babu hasumiyar da ke ba da wannan sarari a ƙasarmu. Su dai duwatsun da ke tare sigina su ne kuma arzikinmu, tun da kafa gajeriyar hasumiya a kan tudu ya fi gina doguwa a kwari araha, kuma a kwamfuta ana iya gwada wurare goma a yini guda ba a haƙa rami ko ɗaya ba.

Sai kuma safiyar da mutum yake murɗa rediyo ya ji tashar Kano, mai nisan kimanin kilomita 200, ta shigo tangaram kamar a unguwar Zango take, hantsi na yi ta ɓace. Wannan yana faruwa ne idan iska mai sanyi ko mai laima ta kwanta a ƙasa, busasshiya mai ɗumi ta hau kanta, kamar yadda ake samu da asubahin hunturu da kuma lokacin da iskar damina take fara shigowa ta ƙarƙashin ta hamada. A nan igiyoyin suna lanƙwasawa fiye da ƙima, su bi doron ƙasa su yi nisan da ba su saba ba. Kada wanda aka kira daga nesa aka ce an ji tasharsa da asuba ya sa wannan a lissafin isarta. Inda abin yake da muhimmanci shi ne katsalandan, domin rediyon FM yana kama wadda ta fi ƙarfi ne ya danne ɗayar, kuma masu sauraronka na gefen iyaka su ne suke fara rasa ka. Shi ya sa shawarar ITU mai lamba P.1546 take ba da lissafin kashi 50 da 10 da 1 cikin ɗari na lokaci, na farkon don sanin inda kake kaiwa kullum, na ƙarshen don sanin wanda za ka dama ko zai dame ka jefi-jefi. Rabon lambobin FM tsakanin ƙasashen Afirka da Turai yana ƙarƙashin yarjejeniyar Janiba ta 1984, kuma jihar da ke da doguwar iyaka da Najeriya ba ta da damar yin sakaci da wannan. Lamba da izinin ƙarfi daga hukuma suke fitowa, ba daga manhaja ba.

Bayan an kunna tasha sai a fita a gwada lissafin a kan hanyoyin da suka fita daga gari, ta Takeita, ta Tanut, ta Mirya zuwa Gure, da ta Magarya. A tsaya kowane kilomita biyar, a sauka daga mota ko babur a kashe injin, a saurara da ƙaramin rediyo da kuma wayar salula irin wadda mutane suke riƙewa, a rubuta wurin da GPS. Wanda yake da ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake sokawa a kwamfuta zai iya ganin ƙarfin da lamba, kodayake ba a daidaita ta kamar ma'aunin ƙwararru ba, don haka kwatanta wuri da wuri kawai take yi. A yi awon da tsakar rana, lokacin da iska ta gauraya ba ta taimakon sigina, kuma a ratse daga kwalta a shiga ƙauyukan kwari, tun da hanya takan bi tudu. Idan aka ga awon yana ƙasa da lissafi da kusan adadi ɗaya a kowace kusurwa, to matsalar tana hasumiya, a hau a duba kebul da mahaɗai ko ruwan damina ya shige su. Idan kuwa kusurwa ɗaya ce ta gaza, a koma hoton yankan ƙasa na wannan ɓangaren, a kuma duba ta wane gefen hasumiya aka ɗaura rassan eriyar, domin ƙarfen hasumiyar da kansa yana rage siginar da ke zuwa bayansa.